Idan dashen gashi ya ɓaci: Me ake iya gyarawa, me ya wuce gyara?

Duk wanda ya bi ta filin jirgin saman Istanbul a 'yan shekarun nan ya gan su: maza a layin shiga jirgi, kai a aske, ƙeya a naɗe da bandeji, goshi ɗaure da baƙin ƙyalle. Dashen gashi suka je, kuma akwai namu a cikinsu, 'yan kasuwa da ma'aikata daga Abuja da Legas da Fatakwal. Yanzu ma ba sai an ƙetare ba, akwai wuraren da ke yin aikin a nan gida.

Wanda nasa ya yi kyau kowa zai sani, domin hula ma sai ya daina sawa. Wanda nasa ya ɓaci kuwa sai ya ƙara danna hularsa ya yi shiru, shi ya sa labarin nasara kaɗai ke yawo a gari. Mu da muke tsaye a kantin magani mukan ji ɗaya ɓangaren, domin wurinmu ake zuwa a yi ƙasa da murya a ce, "Hajiya, ko akwai wani mai da ke fito da gashi?" Sai hira ta ɗan yi nisa sannan a gane mutumin ya riga ya kashe miliyoyi, an yi masa aiki, abin bai yi ba. A kan irin waɗannan bayin Allah za mu tattauna yau, da kuma matan aure da iyayen da ke zaune da su suna ganin halin da suke ciki.

Ƙeya rumbu ce

Kalmar dashe ta dace da aikin. Yadda manomin albasa ke cire tsiro daga inda ya yafa iri ya kai shi gona, haka likita ke cire saiwar gashi daga ƙeya da gefen kai ya kai ta inda sanƙo ya ci. Dalilin zaɓen ƙeya shi ne, sanƙon gado yana faruwa ne saboda wani sinadarin jikin namiji da ake kira DHT, wanda ke ƙanƙantar da saiwar gashin gaban kai da tsakar ka har ta daina fitar da komai. Saiwar ƙeya ba ta cika jin wannan sinadari ba, kuma ko an kai ta goshi tana tafiya da halinta. Wani likitan fata a birnin New York, Norman Orentreich, shi ya bayyana wannan a rubuce a 1959, kuma a kansa aka gina duk sana'ar.

Hanya biyu ake bi wajen cirewa. Ko dai a yanki fatar ƙeya a kwance kamar igiya, a ɗinke wurin, a rarraba saiwoyin, ko kuma a riƙa haƙo su ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan bututu mai kaifi wanda faɗinsa bai wuce milimita 1 ba. Wannan ta biyun ita ake kira FUE, kuma ita aka fi talla yanzu. Kowane dashe ɗaya da aka ciro yana ɗauke da silin gashi 1 zuwa 4.

Inda manomi ya fi mai sanƙo shi ne, shi yana iya sake yafa iri baɗi. Saiwar da aka cire daga ƙeya ta tafi ke nan, wata ba za ta maye gurbinta ba. Likitoci kan ƙiyasta cewa abin da mutum zai iya cirewa a tsawon rayuwarsa ba tare da ƙeyar ta nuna ba yana tsakanin dashe 4,000 zuwa 8,000, gwargwadon cikar kansa. To mai karatu ya duba tallan da ke cewa za a yi maka dashe 5,000 a wuni ɗaya, ya yi lissafi da kansa. Duk wata maganar gyara tana farawa ne da tambayar me ya rage a rumbun.

Mu baƙaƙen fata muna da wata matsala ta daban. Gashinmu a naɗe yake, kuma naɗin ya shiga har ƙarƙashin fata, saiwar a lanƙwashe take kamar lauje. Bututun da ake haƙa da shi kuwa miƙaƙƙe ne. Hannun da bai saba da irin gashinmu ba sai ya riƙa datse saiwar a tsakiya, a dasa rabi a bar rabi, sau da yawa kuma duka biyun su lalace. Ga shi yawan saiwar da ke kanmu bai kai na Turawa ba, naɗin gashin ne ke sa ya rufe fata sosai. Wurin da ya ƙware a kan Larabawa da Turawa ba lallai ne ya ƙware a kanmu ba.

A tabbatar tukuna cewa ya ɓaci

Da yawa daga cikin masu zuwa da kuka sun yi gaggawa ne. Gashin da aka dasa yakan zube tsakanin mako 2 zuwa 8 bayan aikin, wani lokaci har da na asali da ke kusa da shi. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, silin ne ya faɗi, saiwar tana nan a ciki. Sabon gashi yana fara leƙowa a wata na 3 ko na 4, siriri marar kyan gani, ya riƙa kauri a hankali. Gaban kai yakan nuna kamanninsa na gaskiya a wata 12, tsakar ka kuwa tana iya kaiwa wata 18. Saboda haka likitan kirki ba zai yarda ya sake taɓa kan ba sai an cika shekara, domin fatar ta yi laushi, jini ya koma gudana yadda ya kamata, a kuma ga abin da ya tsira. Wanda ya ce maka ka zo a ƙara maka a wata na biyar, kuɗinka yake so.

Shawarar da nake ba mutane mai sauƙi ce. A ɗauki hoton kan sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, cikin haske iri ɗaya, gaba da sama da gefe da ƙeya. Madubin kullum ba ya nuna canji, sai dai ya ƙara damuwa.

Akwai abubuwan da ba a jiran su ko na kwana ɗaya. Idan wani sashe na fatar kan ya yi baƙi ƙirin ko ya yi ɓawo mai kauri da bai ɗagawa, ga zafi mai tsanani ko wari, mai yiwuwa jini ya daina isa wurin ne, naman yana mutuwa. An fi ganin haka ga masu shan taba da shisha, da masu ciwon suga da ba a daidaita ba, da kuma inda aka cusa dashe da yawa a ɗan ƙaramin fili. Haka nan idan akwai mugunya da zazzaɓi, ko ja da kumburi suna yaɗuwa. Wannan aikin asibiti ne a ranar, kuma asibitin da ke kusa da kai, kada a tsaya aika hoto ta WhatsApp ga wanda ke wata ƙasa ana jiran amsa. Ƙananan ƙuraje da ke fitowa lokacin da sabon gashi ke huda fata kuwa abu ne da aka saba gani, a gasa su da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, kada a matse. Wanda kuma yake shakkar tsabtar kayan da aka yi masa aiki da su, ya je a gwada shi ciwon hanta nau'in B da C da kuma HIV, ba abin kunya ba ne.

Ɓacin iri-iri ne

Wanda aka fi gani shi ne gashin bai fito da yawa ba. Ban da datse saiwa da na ambata, dashen da aka ciro abu ne mai rai, idan ya bushe yana mutuwa cikin 'yan mintuna, idan ya daɗe a waje kafin a dasa shi ƙarfinsa yana raguwa. A wuraren da ake jera mutane da yawa a wuni guda, likita yakan leƙo ne ya zana layi a goshi ya fita, sauran aikin ma'aikata ne ke yi. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan irin waɗannan wurare, har ta ware ranar 11 ga Nuwamba ta kowace shekara a matsayin ranar gyaran dashen da ya lalace. Wani lokacin kuma daga majinyacin ne: susa, ko danna hula mai matsewa, ko goga kai a ƙofar mota a kwanaki goman farko kafin dashen ya kama.

Na biyu shi ne gashin ya fito, amma kowa ya kalle ka ya san an yi aiki. An sauko da layin goshi ƙasa sosai, ko an jera dashe masu sili uku-uku a sahun gaba kamar shuka a kunya, ko an dasa su a tsaye alhali gashin wurin a kwance yake fitowa. A nan samarinmu suna da nasu laifin, domin sukan je da hoton layin da mai aski ke fitarwa da reza su ce shi suke so. Layin da ya yi wa ɗan shekara 25 kyau ba zai yi wa ɗan shekara 55 ba, kuma dashe ba ya ja da baya tare da shekaru.

Na uku ya fi ba ni tausayi, wato a cinye ƙeya. An cire fiye da ƙima, ta zama fili-fili kamar wanda makero ya kama, ga fararen ɗigo-ɗigo da ke fitowa ɓaro-ɓaro a baƙar fata idan an yi aski. Garin neman gira an rasa ido. Kusa da wannan akwai tabo mai tasowa, wanda likitoci ke kira kiloid, wanda ya fi kama baƙar fata. Duk wanda hujin kunne ko tsaga ko wani tsohon rauni ya taɓa yi masa tudu, ko yake fama da ƙurajen ƙeya masu tauri da ke biyo bayan aski, ya kamata a ce an yi masa wannan tambayar tun kafin aikin farko.

Akwai kuma wanda aikinsa ya yi kyau, amma bayan shekara uku ko huɗu sai ga tsibirin gashi a gaba, bayansa fili. Dashen yana nan, gashin asali ne da ke bayansa ya ci gaba da zubewa, domin tiyata ba ta tsayar da sanƙo. Wannan ya fi samun waɗanda aka yi wa aiki suna da ƙuruciya ba tare da an ɗora su a kan magani ba.

Mata kuma nasu daban ne. Mafi yawan matanmu da ke neman dashe gaban goshi ne ya cinye saboda kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi na shekara da shekaru. Irin wannan yakan karɓi dashe, amma idan aka koma wa kitson da ya cinye na farko, zai cinye na biyu. Sai dai akwai wata cuta da ta fi kama mata baƙaƙe, wadda ake taƙaita sunanta da CCCA, tana farawa daga tsakar ka tana faɗaɗa, tana lalata saiwa ta bar tabo, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi. Idan aka dasa gashi alhali cutar tana ci, za ta cinye dashen kamar yadda ta cinye na asali. Ba a gane ta da hoton waya, sai likitan fata ya duba, sau da yawa sai ya yanki ɗan ƙaramin nama an kai ɗakin gwaji. Zubewar gashi ta bayan haihuwa, ko ta ƙarancin jini, ba ta bukatar dashe ko kaɗan.

Abin da likita zai iya yi

Matakin farko na gyara a wurin likitan fata yake, domin a san dalilin da ya sa na farko bai yi ba, a kuma auna abin da ya rage a ƙeya. Manyan asibitocin koyarwa da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja suna da sashen fata. Wanda ya tsallake wannan mataki ya koma tebur kai tsaye, zai iya maimaita kuskure ɗaya da ragowar saiwarsa.

Idan matsalar rashin cika ce kuma ƙeya tana da saura, sai a yi aiki na biyu a cike giɓin. Amma a sani fatar da aka taɓa hudawa tana da tabo a ciki, jini bai isarta kamar da, don haka ba a cusa dashe da yawa, kuma ba duka ke kamawa ba. Likita mai hankali zai zuba abin da ya rage a gaban kai, inda ido ke fara sauka, ya bar tsakar ka. Idan ƙeya ta ƙare akan ɗebo daga gemu, musamman ƙarƙashin haɓa, a cakuɗa shi a tsakiya, domin gashin gemu ya fi kauri, bai dace da sahun gaba ba. Mai fama da ƙurajen gemu sai a yi hattara da wannan.

Layin goshi da ya yi muni ana gyara shi ta hanya biyu. Idan tsayinsa daidai ne, kaurin dashen ne matsala, sai a dasa masu sili ɗaya-ɗaya a gabansu da tsakaninsu su lulluɓe su. Idan kuwa an sauko da shi ƙasa ne, ko an dasa shi a karkace, dole a haƙe waɗanda suka ɓata, a rarraba su a mayar da su baya. Wannan yakan ɗauki zama biyu ko uku da watanni a tsakani, kuma yana iya barin 'yan ɗigon tabo a goshi. Wasu sukan zaɓi a kashe saiwar da hasken leza. A baƙar fata nau'in da ake kira Nd:YAG ne ya fi aminci, wasu nau'o'in suna ƙona mu su bar tabo, don haka a tambaya kafin a kwanta. Kashewar kuma asarar saiwa ce da an iya amfani da ita a wani wuri.

Ƙeyar da aka cinye ba ta dawowa, gara a faɗi wannan ƙarara. Abin da ake yi shi ne a ɓoye. Akwai aikin da ake yi na ɗiga baƙin launi a cikin fata da siririyar allura, ɗigo-ɗigo kamar gashin da ya fara tsirowa bayan aski, ana yinsa zama biyu zuwa huɗu, yana dusashewa bayan wasu shekaru a sake shi. Yana rufe fararen ɗigo da tabon ɗinki sosai ga mai ajiye gajeren aski. Tunda ya yi kama da jarfa, wanda yake da tambaya ta fuskar addini sai ya tuntuɓi malaminsa kafin ya biya kuɗi. Tabon ɗinki mai faɗi kuma ana iya yanke shi a sake ɗinkewa, ko a dasa gashi a cikinsa.

Tabo mai tasowa ana yi masa allurar triamcinolone a cikin tudun duk bayan mako 4 zuwa 6, tare da shafa silikon ko manna shi. Yanke shi kawai ba tare da wani magani ba yakan sa ya dawo, wani lokaci ya fi na da girma. Mai irin wannan fata, idan har za a sake yi masa dashe, ana fara gwada kaɗan ne a jira watanni a ga yadda wurin zai warke. Wasu kuwa amsar da ta dace da su ita ce kada a sake taɓa kan. Askin ƙwal-kwabo da gemu gyararre ya rufa wa maza da yawa asiri, kuma a ganina ya fi aiki na uku a kan ƙeyar da ta riga ta ƙare.

Ɓangaren magani

Nan ne fagena, kuma nan ne aka fi yin ɓarna bayan an dawo gida. Babu wani mai ko ƙwaya da ke tayar da dashen da ya mutu. Aikin magani shi ne ya riƙe gashin asali da ya rage ya ƙara masa kauri, kuma sau da yawa wannan kaɗai yakan rage girman gyaran da za a yi. Magunguna biyu ne ke da hujja mai ƙarfi.

Na farko minoxidil na shafawa. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shansa gashi na fito musu, Amurka ta amince da na shafawa a 1988. Maza kan shafa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, mililita 1 safe da dare a busasshiyar fata. A makonnin farko zubewar takan ƙaru kafin ta lafa, ba a ganin amfaninsa sai bayan wata 4 zuwa 6, kuma idan aka daina, abin da aka samu yana zubewa cikin 'yan watanni. Ba a shafa shi a kan rauni, sai likita ya ce fatar ta warke. Wanda na ruwa ke sa wa ƙaiƙayi ya gwada na kumfa. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi. Iyaye kuma a kula: a ƙasar Sifaniya an ba da rahoton jarirai da gashi ya fito musu a baya da ƙafafu saboda maganin da iyayensu ke shafawa yana taɓa fatarsu, ya zube bayan an raba su da shi. A wanke hannu da sabulu, a bari kai ya bushe kafin a ɗauki yaro ko a kwanta da shi a matashi ɗaya. Na haɗiya da ake yayi yanzu yana iya kawo bugun zuciya da kumburin ƙafa da jiri, ba abin da mutum zai saya wa kansa ba ne.

Na biyu finasteride, miligiram 1 a rana, wanda aka amince da shi domin sanƙon maza a 1997. Shi yana rage sinadarin DHT ne, kuma shi ya fi hana matsalar tsibirin nan da na ambata. Amma dole maigida ya san abin da ke tattare da shi, uwargida ma ta sani. A gwajin da aka yi kafin a fitar da shi, kusan mutum 4 cikin 100 sun yi ƙorafin raguwar sha'awa ko ƙarfin namiji, alhali 2 cikin 100 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta su ma sun yi ƙorafin. Ga mafi yawa abin yana wucewa idan an daina, amma akwai waɗanda suka ce ya zarce. A 2024 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sa a riƙa saka katin gargaɗi a cikin kwalin, a kan wannan da kuma ciwon damuwa da tunanin kashe kai. Duk wanda ya ga yanayinsa ya sauya ya dakata da sha ya ga likita. Wanda ke neman haihuwa ya gaya wa likita, domin yana rage ƙwayoyin maniyyi ga wasu. Yana kuma rage sakamakon gwajin PSA na furostet da kusan rabi, don haka a sanar da mai gwajin, kuma ba a karɓar gudummawar jini daga mai shansa sai ya yi wata guda da dainawa.

Wata ɗabi'a da nake gani ita ce a sayi na miligiram 5, wanda aka yi domin kumburin furostet na dattawa, a riƙa raba shi huɗu da reza saboda ya fi araha. Garin da ke zuba haɗari ne ga mace mai ciki, domin maganin yana iya taɓa halittar al'aurar ɗa namiji a cikin mahaifa. Kada mai ciki ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, balle a ce ita ke raba wa maigida.

Sauran abubuwan da ake cika jaka da su kuwa, yawanci asarar kuɗi ce. Ƙwayar biotin ba ta ƙara gashi ga wanda ba shi da ƙarancinta, kuma tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yawanta yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da wanda ake gane bugun zuciya da shi. Allurar ruwan jinin mutum da ake kira PRP tana da tsada, tana iya ɗan taimaka wa gashin da ke raye, iyakarta ke nan. Man kaɗanya da man kwakwa suna laushin fata, ba na hana su bayan an warke. Tafarnuwa da albasa da ake gogawa kuwa suna ƙona fata, kuma ƙuna a kan mai tabo mai tasowa sabuwar fitina ce. Haka mayukan nan masu haɗi uku da ke ɗauke da clobetasol ko betamethasone, suna kwantar da ƙaiƙayi su ɓoye ciwo, su sirance fata. Shan Ampiclox kwana biyu a ajiye shi ma ba ya maganin komai. Duk abin da za a saya a duba lambar NAFDAC, a saya a kantin da ke da rajista, a bar na masu talla a Instagram da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Mai shan aspirin ko wani maganin tsinka jini kuma kada ya dakatar da shi saboda aikin gyara sai da izinin likitan da ya ɗora shi a kai.

Kafin a sake kwanciya

Gyara ya fi aikin farko wuya, kuma yakan fi shi tsada. Wanda ya yi na farko yakan ce a dawo zai ƙara kyauta, amma kyautar daga ƙeyarka za a cire ta. Kafin a amsa, a nemi ra'ayin wani likita da ba ya da alaƙa da wurin. A kuma karɓo bayanin aikin farko a rubuce: dashe nawa aka cire, daga ina, da wace hanya, wane magani aka bayar.

A tambayi sabon likitan sunansa da rajistarsa. A nan gida Hukumar Likitoci ta MDCN ce ke da rajistar, a Turkiyya kuma Ma'aikatar Lafiya tana ba asibitocin da aka yarda su karɓi baƙi takardar izini ta musamman, a nemi ganinta. A tambaye shi wa zai haƙo dashen, wa zai huda wurin dasawa, mutum nawa yake yi wa aiki a rana. A ce ya nuna hotunan gyaran da ya yi wa masu irin gashinmu bayan shekara guda, har da ƙeyarsu a aske. A shirya lokacin aikin nesa da tafiyar Umara ko Hajji saboda aski, a kuma tambayi yadda za a yi da shafar kai da sujada a kwanakin farko. Mai shan taba ko shisha ya daina makonni kafin aikin, mai ciwon suga ya daidaita shi tukuna.

Ga iyali kuma, a rage zolaya. Sanƙo abin raha ne a wurinmu, tsakanin abokan wasa da jikoki, amma wanda ya kashe kuɗinsa ya dawo da kai a lalace yana ɗauke da kunya biyu. A 2024 jaridun Turai sun ba da labarin wani ɗalibi Bafaranshe ɗan shekara 24 da ya kashe kansa watanni kaɗan bayan dashen gemu da aka yi masa a Istanbul ya ɓaci, mahaifinsa ya ce wanda ya yi aikin ba likita ba ne. Idan uwargida ta ga maigida ya daina fita taro, ba ya cire hula ko a ɗaki, yana daɗewa a gaban madubi, barci ya ƙaurace masa, ta lallashe shi su je asibiti tare, kuma idan yana shan finasteride ta tabbatar likitan ya san da haka tun a zaman farko.